Layin da Ke Gefen Takarda

5 ga Maris

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da aikin da sanyin nan da kike ta kuka da shi. Mu nan kalau muke, sai ƙafar yayanki da ta ɗan kumbura, ita ma ta sace. Matarsa tana gaishe ki. Ni ce da hannuna nake rubuta wannan. In kin ga layi ya karkace ki yi haƙuri, a kan faranti na ɗora takardar.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne idona. Jiya yayanki ya mai da ni wurin likita saboda hawan jinin idon nan da nake fama da shi shekara uku. Suka sa fuskata cikin wani farin kwano babba, suka ba ni maɓalli, wai in na ga ɗigon haske in danna. Da na ji shiru ya yi yawa, na ce kada a ce tsohuwa ta faɗi jarrabawa, sai na riƙa dannawa ko ban ga komai ba. Likita ya yi dariya ya ce, “Mama, injin ya kawo ƙararki.” Aka sake. A karo na biyu na yi gaskiya, takardar ta fito da baƙi zagaye da ita kamar zanen da wuta ta ci bakinsa. Ya ce baƙin nan shi ne inda na daina gani. Ni da nake zagin ƙofar banɗaki ina cewa kafinta ne ya matse ta.

Ya ce kwalabe ukun da nake ɗigawa ba su isa ba, yana so ya yi mini aiki da hasken leza. Maƙwabciyarmu mai ɗinki ta ce leza wuta ce, da ita ake yanka ƙarfe a inda ɗanta yake aiki. Tun da ta faɗa abinci ya daina wuce mini.

Ke da kike wanke musu almakashi a ɗakin tiyata, ki tambayo mini. Me wutar nan take yi wa naman ido? Za ta taɓa karatuna? Ina da shekara hamsin da ɗaya na fara riƙe fensir, kin sani. Ban gama more shi ba.

Kada ki kira waya a kan wannan. Wayar a aljihun yayanki take zama, in na karɓa shi da matarsa suna tsaye a kaina, ba na iya cewa komai sai lafiya lau. Ki rubuto. Kin san rantsuwar da na yi tun ina ajin manya, cewa babu mahalukin da zai ƙara karanta mini wasiƙa.

Innarki

21 ga Maris

Inna,

Wa alaikumus salam. Lafiyata lau, sanyi ya fara sauƙi, hannuna ne dai ya farfashe da sabulun wurin aiki. Na yi dariya har da hawaye a kan maɓallin nan. Inna, satar amsa da tsufa? Malamarku ta ji wannan sai ta karɓe takardar shaidar.

Akwai wata ma'aikaciyar jinya a sashen ido da muke cin abinci tare. Na tsare ta da tambaya har shayinta ya huce. Ga abin da ta ce, zan faɗa yadda na gane.

Ido kullum yana yin wani ruwa a cikinsa, ba hawaye ba, na ciki. Ruwan yana fita ta wata 'yar rariya siririya da ta zagaye baƙin ido. Taki rariyar ce ta cushe, kamar ta wurin wanke-wankenmu. Ruwan sai ya taru ya danne jijiyar gani da ke can baya. Jijiyar kuma kamar igiya ce mai zarurruka dubbai, suna tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, daga na gefe ake farawa. Ba ciwo, ba ƙaiƙayi. Shi ya sa kike gware da ƙofa alhali kina iya zura zare a allura.

Lezar ba irin ta ɗan mai ɗinki ba ce, ki ce mata ta tsaya a kan keken ɗinkinta. Akwai tsohuwar leza ta ido, wadda take ɗan ƙona rariyar ta bar tabo. Wadda ake yi yanzu ba ta ƙuna. Hasken yana taɓa wasu ƙwayoyi masu launi ne kawai a cikin rariyar, sai jiki da kansa ya zo ya share wurin, ruwa ya sami hanya. Ba yanka, ba ɗinki, ba kwanciya. Minti goma. Idon zai yi ja ya ɗan yi zafi kwana biyu, shi ke nan. Abin da ya riga ya tafi ba zai dawo ba, amma za a tsare wanda ya rage, kuma karatunki a cikin wanda ya rage yake.

Ki yarda a yi, Inna. Ta ce mutane da yawa sun rabu da kwalaben ɗigo bayan an yi musu. Ki tuna yadda kike cewa suna yi miki yaji, baƙaƙe su riƙa iyo a takarda. Ki gaida Yaya da matarsa. Ƙarshen wata zan tashi daga ɗakin nan, mai gidan ta ishe ni da mita.

Autarki

(A gefen hagu na takardar, a tsaye, da ƙananan baƙaƙe:) Na manta! Ta ce kada ki kuskura ki daina ɗigon sai likita ya auna ya ce ki daina. Ba kowa lezar take kamawa ba, kuma sai an yi makonni ake sani. Ki koma a auna bayan sati shida.

12 ga Afrilu

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan hannun ya warke. Ki riƙa shafa mai kafin ki sa safar roba, ba sai ya tsage ba. Mu nan lafiya.

An yi. Ranar Litinin aka yi, idanu biyun duka. Sau bakwai na karanta wasiƙarki kafin in yarda, na takwas a kan bencin asibiti.

Ɗaki ne ƙarami mai duhu. Na ɗora haɓa a kan wani ƙarfe, goshi a jikin maɗauri. Aka ɗiga abin da ya kashe idon, sai likita ya manna wani gilashi mai sanyi a kan ƙwayar. Sai koren haske, tik, tik, tik. Na fara ƙirgawa don in ɗauke hankalina, na kai hamsin da wani abu na rikice. Ina jiran in ji ƙaurin ƙuna, ban ji ba. Gaskiyarki.

Da aka gama likita ya juya wurin yayanki ya yi ta bayani da yarensu na 'yan makaranta, ni ina zaune kamar kayan da aka kawo gyara. Shi kuwa yayanki waya na kunnensa, masu jiran kaya a shago sun dame shi, yana ta gyaɗa kai. A mota na ce me ya ce? Ya ce, “An gama, Inna, aiki ya yi kyau.” An ba mu wata takarda, rubutun ƙanana kamar ƙafar tururuwa, kuma ba da harshen da na koya ba. Matar yayanki ta miƙo hannu wai ta duba mini. Na ce na gode, ina da bayanin da ya fi wannan, daga 'yata, da na karanta da idona. Na ninke ta na sa a gwangwanin wasiƙu.

Idon ya yi ja kwana biyu kamar yadda kika ce, ya washe. Rana ta uku na kwashe kwalaben nan uku na zuba a kwandon shara. Auta, shekara uku ina bautarsu safe da yamma. Yanzu in na farka sai in ɗauki littafina kai tsaye, babu yaji, babu jiran baƙaƙe su tsaya. Ba na jin ciwo ko na ƙwayar zarra. Allah ya yi miki albarka, ke da mai shayin.

Ki rubuto da wuri.

Innarki

3 ga Yuli

Auta,

Sallama. Lafiya dai ba za a ce babu ba.

Wata uku saura kaɗan ban ga rubutunki ba. Na san kina kiran yayanki, yana zuwa ya ce Auta na gaisuwa. Gaisuwar da aka aiko a baki ba ita na roƙa ba. Mai raba wasiƙu har ya daina kallon ƙofarmu, in ya hango ni sai ya kaɗa hannu ya taka kekensa.

Tunda ba ki tambaya ba, bari in faɗa miki abin da wutarku ta yi. Ta cinye mini ido. A hankali take ci, irin wutar da ke ƙarƙashin toka. Na hagu yanzu kamar ina leƙe ta ramin makulli, kuma ramin ma da hayaƙi. Shekaranjiya na sa hannu zan ɗauki kofi na ture butar shayi da ke dab da shi, ban gan ta ba sam. Matar yayanki ta goge ba ta ce komai ba. Da ta yi magana da ya fi mini. A titi mai babur ya tsaya dab da ƙafata yana cewa, “Mama, ba kya gani ne?” Na ce ina gani, ubanka nake kallo. Amma ban gan shi ba, Auta. Ta gefe ya zo.

Mai ɗinki ta ce ai ta faɗa. Kullum sai ta leƙo ta katanga ta ce ta faɗa. Ni kuwa ni ce na tsaya a tsakar gida ina karanta mata wasiƙarki da ƙarfi, ina cewa 'yata a ɗakin tiyata take aiki. Ashe wanke kwano ne aikin, ko da kwanon na likita ne.

Yayanki ya ce mu koma asibiti. Na ce ba inda za ni. In koma su ƙarasa na daman? Da shi nake rubuta wannan, na rufe na hagu da tafin hannu. Shafi ɗaya yanzu yana cin mini yini.

Kin ce ba ta ƙuna. Kin ce za a tsare wanda ya rage. Na ɗauki maganarki sama da ta kowa saboda ita kaɗai ce ba ta bi ta bakin wani ba kafin ta iso ni. In kin san ba ki da tabbas me ya sa kika rubuta da tabbas? In kuma kunya ce ta hana ki rubutowa, ki ajiye ta, ni ce na haife ki.

Innarki

22 ga Yuli

INNA,

Na rubuta da manyan baƙaƙe don ki gani. Ki yafe rashin doguwar gaisuwa.

Yau na je tsohon gidan da na tashi neman wata takardar aiki, mai gidan ta miƙo mini wasiƙunki biyu daga bayan firiji. Ta Afrilu ta yi wata uku a can. Laifina ne, na ce zan tashi ban aiko da sabon adireshi ba. Ina ta jiran ki rubuto, kina ta jiran in rubuto. Duk kiran da na yi Yaya cewa yake, “Lafiya lau, har ta fi da.”

A tsaye a bakin ƙofar matar na karanta inda kika ce kin zubar da kwalaben.

Inna, NA RUBUTA MIKI KADA KI DAINA. Na rubuta! Takarda ce ta ƙare na juya ta na rubuta a gefen hagu. Ki ɗauko wasiƙar ki duba. Na ce ba kowa take kamawa ba, na ce ki koma bayan sati shida. Ba lezar ce take cin idonki ba. Ruwan ne, shi ne dai na da, kuma wata uku ba abin da yake tare shi.

Na kira Yaya na yi masa abin da ban taɓa yi ba tunda aka haife ni. Ya ce shi bai san kin daina ba, a ɗaki kike ɗigawa, kuma wa ya isa ya taɓa gwangwaninki? Gobe da safe zai kai ki, ko kina so ko ba kya so. In kin ƙi na ce ya ɗauke ki cak.

Kin ce wanke kwano nake yi. Haka ne, kuma ban taɓa cewa ni likita ba ce. Amma takardar likitan tana gidan, mai iya karanta ta tana gidan, har ta miƙo hannu. Minti ɗaya zai ɗauke ta. Kika zaɓi rantsuwa. Rantsuwar nan da me za ta gani in idon ya tafi?

Ki yi fushi da ni yadda kike so, amma ki je.

AUTARKI

16 ga Agusta

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Wasiƙarki mai ihu ta iso, na karanta ta ni kaɗai, daga safe zuwa azahar. Ba sai an ɗauke ni cak ba, da ƙafata na je, tun washegarin kiranki.

Likita ya auna bai yi dariya ba wannan karon. Ya ce lambar matsin ruwan ido ana so ta tsaya ƙasa da ashirin, na hagu ya haura arba'in, na dama talatin da biyu. Ya ce ina kika shiga, Mama? Na ce ni ma yau da ni za ka yi magana, ba da ɗana ba, kuma da harshen da nake ji. Ya jawo kujera ya zauna.

Ya leƙa da gilashinsa ya ce rariyar tana nan lafiya, babu ƙuna, babu tabo. Lezar ba ta ɓata komai ba, ba ta dai gyara ba, ina cikin waɗanda ba ta kamawa. Da na dawo a sati na shida da ya gani. Na hagu jijiyarsa ta ƙare, ya ce ta yi fari fat. Tun makon jiya ko ramin makullin babu. In ya fara ciwo akwai wata lezar daban, ita kam ƙona take yi da gangan, tana kashe wani sashe na naman da ke yin ruwan don ya ragu. Ba don gani ba, don in sami sauƙi. Kin ga wutar mai ɗinki ma tana nan tana jirana, layi ne bai zo kanta ba. Na dama akwai saura a tsakiya, kamar faɗin bakin kofi. Za a yi masa tiyata ranar ashirin da tara, a buɗe wa ruwan sabuwar hanya. Na koma ɗigo, yanzu kwalba huɗu.

Da muka dawo na rufe ɗaki na ɗauko wasiƙarki ta Maris. Na juya ta a tsaye. Ga shi nan. Layi biyu da rabi, har da alamar motsin rai. Auta, na karanta takardar nan ya fi sau ashirin. Na haddace ta. Hannuna na hagu a kan layin yake duk lokacin da na riƙe ta, idona kuma ba ya zuwa can, kuma bai taɓa gaya mini akwai inda ba ya zuwa ba. Ke da kika rubuta mini da hannunki cewa daga gefe ake farawa, ke ce kika ɗauki maganar da ta fi kowace kika ajiye a gefe. Shayin da ya huce ya sami tsakiyar takarda. Satar amsa ta samu. Ba zan ce na yafe wannan yau ba, don ba na yi miki ƙarya a rubuce.

Kin tambaya rantsuwa da me za ta gani. Ba ki san daga inda ta fito ba, kina goye. Lokacin da babanku yake aiki a nesa, baffanku ne yake karanta mini wasiƙunsa. Ina zama a gabansa ina kallon bakinsa. Ya ce babanku yana gaisuwa, ya ce a kula da yara, ya ninke ya miƙo mini. Har aka kawo mana labarin rasuwar babanku. Bayan shekara ashirin da biyu, satin da na iya haɗa baƙi, na buɗe gwangwanin nan na bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa. A uku na ƙarshe, kowace akwai layi guda: jikin ya ƙi, ki zo in gan ki. Baffanku ya ga tafiyar za ta ɗora masa riƙon yara, sai ya tsallake. Shi ma ya mutu kafin in iya karatu, ban sami wanda zan tambaya ba. Ranar na rantse. Na ɗauka in da idona na karanta, babu mai sake tsallake mini layi.

Maganar wanke kwano kuma, bakina ne ya yi zafi. Ki bar ta a nan.

In za ki rubuto, ki yi manya, ki tsaya a tsakiya, ki bar gefe fari. In takarda ta ƙare ki ɗauko wata. Ki sa adireshin a tsakiya shi ma.

Wasiƙarki ta ƙarshe, da na gama na juya ta sama da ƙasa, na bi kowane gefe da ɗan abin da ya rage mini. Ban ga komai ba. Amma wancan karon ma ban ga komai ba. Na zauna da ita a cinya har la'asar, sannan na kira matar yayanki. Na rufe tsakiyar da tafin hannuna na ce ta duba mini gefe kawai. Ta karɓa da ladabi, ta juya, ta juya, ta ce, “Babu komai, Inna.”

Ina zaune a gabanta ina kallon bakinta.

Innarki